Murhun masu dafa dolo da farashin itacen girki

Da sassafe, a kan hanyoyin da ke shiga Wagadugu da Bobo-Dioulasso, amalanken jakai da tsofaffin manyan motoci kan yi jerin gwano ɗauke da itace. Ba dukkan itacen nan ne ke ƙarewa a madafar iyali ba. Kaso mai tsoka na zarcewa ne gidajen matan da ke dafa dolo, giyar dawa ta gargajiya a Burkina Faso da Mali. Danginta ne ake kira bil-bil a arewacin Kamaru da Cadi, cukutu a Benin da Togo, pito a arewacin Gana, burkutu kuma a ƙasar Hausa. Ɗanɗano da salon dahuwa kan bambanta daga wuri zuwa wuri, amma duka sun yi tarayya a abu ɗaya, wato cin itace.

Akasarin Hausawan da ke zaune a unguwannin zango na waɗannan garuruwa ba sa shan wannan giya, ba sa kuma harkarta. Sai dai kasuwar itace guda ce. Mai tuyar ƙosai da mai tsire da uwargidan da za ta ɗora tuwon dare duk wurin dillali ɗaya suke saye da mai dolo, kuma ita mai dolon a mota ko a amalanke take saye, su kuwa a ƙulli. Idan ta ƙona da yawa, kowa zai ji a aljihunsa. Wannan ne ya sa batun sauya kayan aiki a waɗannan ƙananan gidajen sana'a ya daɗe da jan hankalin hukumomin makamashi da na gandun daji a yankin Sahel.

Abin da ya sa dolo ke cin itace

Aikin na farawa ne daga jar dawa. Ana jiƙa ta, a baza ta a inuwa ana yayyafa mata ruwa na ƴan kwanaki har ta tsiro, sannan a shanya ta a rana, a kai niƙa. Amfanin tsirar da ita shi ne, ƙwayar da ta fara tsiro tana samar da wasu sinadarai masu narkar da sitaci su mai da shi sukari. Ba tare da sukarin nan ba, babu giya.

A nan dawa ke da wata matsala da sha'ir, hatsin da Turawa ke yin tasu giyar da shi, ba shi da ita. Sitacin dawa ba ya nuna sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, zafin da ke lalata yawancin sinadaran da ake buƙata. Matan da ke wannan sana'a sun warware matsalar tun kafin a san sunan wani sinadari. Sukan dama garin da ruwa, su zuba yauƙin karan kuɓewa ko na ɓawon itace irin dargaza don garin ya kwanta, su tsiyaye ruwan sama su ajiye a gefe. A cikin ruwan nan sinadaran suke. Abin da ya kwanta a ƙasa shi ake dafawa har ya nuna, sannan a sake haɗe shi da ruwan da aka ajiye, a bar shi ya kwana ya yi ɗan tsami. Washegari a tace, a sake ɗorawa a wuta na sa'o'i masu yawa. Bayan ya huce ne ake zuba yis, ya kwana yana kumfa, gari na wayewa a fara sayarwa.

Ke nan dahuwa biyu ce, kowacce a manyan tukwane masu ɗaukar ruwa mai yawa, kuma ta biyun kan cinye mafi yawan yini. Wanda bai san sana'ar ba zai ce a rage tsawon tafasar. Abin ba haka yake da sauƙi ba. Doguwar tafasa ce ke ƙara wa ruwan kauri da zaƙi, ita ce ke kashe ƙwayoyin cuta, kuma ita ce ke korar wani dafi da ke cikin tsiron dawa. Makiyaya sun san wannan dafin tun da daɗewa, domin shi ne ke kayar da saniyar da ta faɗa cikin gyauron dawa ta ci sabon toho da yawa. Cire saiwoyin tsiron kafin niƙa na rage shi, tafasa kuma na fitar da saura da tururi. Saboda haka dole tukunya ta daɗe a kan wuta. Inda ake da damar gyara shi ne yawan zafin da ke salwanta kafin ya taɓa tukunyar.

Inda zafin ke tafiya

A murhun duwatsu uku da aka saba, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itace ne kawai ke shiga abin da ake dafawa. Saura iska ce ke kwashewa, ko ƙasa ta shanye, ko ya tashi a hayaƙi. Hayaƙi mai duhu shi kansa itace ne da bai gama ƙonewa ba. Murhun gargajiya na masu dolo ya ɗan fi duwatsu uku, domin akan jingina tukwane uku ko huɗu da juna a liƙe tsakaninsu da laka, amma bakinsa a wangale yake, ana cusa masa manyan kututturai, harshen wuta na fita ta kowace kafa.

Ɗanyen itace na ƙara dagula lissafin. Itacen da aka sare kwanan nan, kusan rabin nauyinsa na iya zama ruwa, kuma sai wuta ta fara busar da ruwan kafin ta yi wani aiki. Mai da kilo ɗaya na ruwa tururi na cin zafi fiye da ninki biyar na abin da ake buƙata don ɗaga shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Wannan ƙa'ida ce kuma ke bayyana wata asarar da ake yi ba a sani ba: da zarar ruwa ya tafasa, ƙara itace ba ya ƙara masa zafi ko digiri ɗaya. Yana tsaye a wajen digiri 100, ko ana tafasa a hankali ko tukunya na tumbatsa. Ƙarin wutar sai dai ya hanzarta ƙafewar ruwa, wani lokacin ma ya ƙona gindin tukunya ya ɓata ɗanɗano.

Ingantaccen murhu ba wata na'ura ba ce mai sarƙaƙiya. Gini ne na tubalin ƙasa da laka, wanda ke rufe tukwanen har kusan wuyansu. Ana barin ƴar tazara tsakanin bango da jikin tukunya, ta yadda zafin da ya taso dole ya bi jikinta kafin ya fita. Ƙofar itace ƙarama ce, mafitar hayaƙi kuma na baya, inda take jan iska ta ratsa wutar. A irin wanda ake jera tukwane, zafin da ya wuce tukunyar farko shi ke ɗumama ta biyu da ta uku. Gwanintar magini duk tana ga tazarar nan. In ta yi faɗi, zafi ya gudu. In ta matse, wuta ta shaƙe, hayaƙi ya dawo wa mai aiki a fuska.

Mowar murhu

Yunƙurin ba sabo ba ne. A shekarar 1985 gwamnatin Thomas Sankara ta ƙaddamar da abin da ta kira yaƙoƙi uku: yaƙi da gobarar daji, da sare itace barkatai, da sakin dabbobi suna yawo ba makiyayi. A cikin shekarun ne aka yaɗa murhuna masu tsimin itace a gidaje, kamar yadda a Nijar aka san murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi. Da yawa daga murhunan wancan zamani sun rushe babu wanda ya sake gina su, saboda an raba su ne da tallafi, kuma da tallafin ya ƙare babu magini ko maƙerin da ke cin abinci da aikin.

Daga 2005 hukumar haɗin gwiwar Jamus, wadda yanzu ake kira GIZ, ta bi wata hanyar a shirinta na FAFASO a Burkina Faso. Maimakon rabon kyauta, sai ta horar da maƙera da magina, ta sa ido kan ingancin aiki, ta bar su su sayar da kansu. Cibiyar binciken kimiyya da fasaha ta ƙasar, IRSAT, na cikin masu tsara fasalin murhunan da gwada su. Aka yi musu tambari da sunan Roumdé, kalmar harshen Mosi da ke nufin matar da miji ya fi so, wato mowa. Daga baya aka faɗaɗa shirin zuwa manyan murhunan masu dolo.

Abin da ya bambanta wannan shiri da wasu shi ne an auna sakamakonsa a gidajen sana'ar kansu, inda ake aiki da gaske. Wasu masana tattalin arziki biyu daga Jamus, Michael Grimm da Jörg Peters, sun wallafa bincikensu a mujallar PLoS ONE a 2015. Sun gano cewa gidajen da suka koma ingantaccen murhu gaba ɗaya na rage itace da kashi 36 zuwa 38 cikin 100, wato kimanin giram 176 a kan kowace lita ta dolo. Idan aka juya lissafin, yana nuna cewa a tsohon murhu lita ɗaya kan ci kusan rabin kilo na itace.

Giram 176 ba ya cika ido sai an ninka. A ɗauki misalin gidan da ke dafa lita 500 a kowane zagaye: kilo 88 ke nan aka tsira da shi. Idan ana ɗorawa sau biyu a mako, a shekara an haura tan 9 daga gida ɗaya tak. Masu binciken sun kuma yi hasashen cewa raguwar buƙatar za ta iya sauko da farashin itace a birane, kuma talakawa ne za su fi amfana, tun da su ne ke girki da itace yayin da masu hali suka koma gas.

Akwai dalilin yin taka-tsantsan da wannan hasashe. Matar da kuɗin itacenta ya ragu na iya ƙara yawan abin da take dafawa, kuma itace in ya yi araha, wasu kan saki hannu wajen ƙona shi. Birane kuma ƙaruwa suke yi kowace shekara. Mai yiwuwa abin da talaka zai gani shi ne farashi bai hau da saurin da zai hau ba, wanda kuma ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen itace a ƙulli kullum.

Me ya hana kowa sauyawa

Idan ribar a fili take haka, me ya sa har yanzu ake ganin tsoffin murhuna? Amsar farko kuɗi ne, amma ba yawansu kaɗai ba. Mai dolo na iya karɓar itace bashi daga dillalin da suka saba, ta biya bayan ta sayar. Magini kuwa kuɗi hannu yake so, kuma sau da yawa sabon murhu na zuwa da buƙatar sababbin tukwane da suka dace da ramukansa. Ga kuma kwanakin da za a tsayar da aiki ana gini ana jiran laka ta bushe. A sana'ar da abokan ciniki ke iya komawa gidan maƙwabciya cikin mako guda, wannan ma asara ce.

Matar da ke haya tana da nata lissafin. Murhun gini ba ya ɗaukuwa, kuma ba ta san ranar da mai gida zai ce ta tashi ba. Sai kuma batun faskare. Ƙaramar ƙofa ba ta karɓar kututture, dole a biya mai faskare ko a ƙara wa ƴan aiki wahala. Wasu kan fasa ƙofar su faɗaɗa ta don kauce wa haka, kuma daga ranar murhun ya koma kusan yadda tsohon yake, sai dai suna. Haka ma idan bango ya tsage aka bar shi, ko damina ta zo babu rumfa a kansa. Alƙaluman kashi 36 zuwa 38 na waɗanda suka sauya gaba ɗaya ne; wadda ta gina sabo ɗaya ta ci gaba da hura tsofaffi biyu ba za ta ga irin wannan ragi ba.

Tukwane, gas da hasken rana

Bayan murhu, tukunya ce abu na biyu. Tukunyar ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, kuma takan fashe da kayan mutum a ciki. Shi ya sa a birane da dama aka koma manyan tukwanen alminiyam da maƙeran gida ke zubawa. Suna saurin tafasa, suna daɗewa. Amma akasari daga tarkacen ƙarafa ake narka su, har da sassan injin mota, kuma wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya samu gubar dalma na fita daga jikinsu. Ruwa mai tsami da ya daɗe a kan wuta ya fi jan wannan guba, kuma ruwan dolo na da tsami. Wannan gargaɗi ya shafi mai kunun tsamiya da mai koko kamar yadda ya shafi mai dolo. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda a ƙasashen renon Faransa ake kira inoks, shi ne mafi aminci, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin mafi yawan masu sana'ar. Mafi muni shi ne amfani da tsohuwar gangar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko wani sinadari a ciki, domin wanki ba ya tabbatar da ta tsarkaka.

An gwada murhun gas a wasu gidajen dolo na Wagadugu. Babu hayaƙi, ana iya rage wuta da ƙara ta yadda ake so, aikin kuma ya fi tsabta. Matsalarsa ita ce gas ɗin daga waje ake shigo da shi, arahar da ake gani ta tallafin gwamnati ce da aka yi domin girkin gida, kuma ƙarancinsa kan auku lokaci zuwa lokaci. Uwargida na iya jinkirta girki ta je neman tukunyar gas. Mai dolon da gas ya yanke mata tsakiyar dahuwa ta yi asarar buhunan dawa.

Faifan hasken rana kuwa yana da amfani wajen injin niƙa, famfon ruwa da fitila. Tafasa ɗaruruwan litoci na sa'o'i masu yawa ya fi ƙarfin faifan da ƙaramar sana'a za ta iya saye. Haka ma gas ɗin da ake samarwa daga kashin dabbobi: na gida ɗaya kan isa girki da haske, ba ya isar wannan aiki.

Gyaran da ya fi araha ma ba ya buƙatar sayen komai. Tara itace tun rani ya bushe a ƙarƙashin rumfa, rufe tukunya kafin ta kai ga tafasa, janye itace idan ta tafasa, da shanya tsirarriyar dawa a kan siminti mai tsabta ko tabarma maimakon ƙasa, don kada ta yi fumfuna.

Abin da ya rage bayan tacewa

Dolo ba ta ajiyuwa. Ana shan ta ne tana kan kumfa, kuma bayan kwana ɗaya ko biyu ta yi tsamin da ba mai saye. Wannan ne ke tilasta hura wuta a kai a kai, kuma duk abin da ya yi kwantai itacensa ya tafi a banza. Masu bincike a Burkina Faso da Benin sun yi aiki kan tace ta da ɗura ta a kwalba bayan an ɗumama don ta daɗe, amma wannan mataki na buƙatar jari da tsabtar da ta wuce ta tsakar gida, kuma abokan cinikin da suka saba da ƙwarya ba lallai su biya kuɗin kwalba ba.

Dusar da ake samu bayan tacewa kuma kaya ce mai kasuwa. Masu kiwon aladu ne manyan masu sayenta, amma masu turkar shanu da raguna da masu kaji ma na nema, saboda tana da sinadarin gina jiki fiye da ainihin ƙwayar dawar, tun da sitacin ne aka cire. Jiƙaƙƙiya takan lalace cikin ƴan kwanaki. Gidan da ya tanadi wurin shanya ta na iya ajiyewa har lokacin bazara, sa'ad da abincin dabbobi ke tsada.

A Cadi an ga abin da ke faruwa idan aka tsuke hanyar makamashi ba tare da an rage buƙata ba. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 gwamnati ta haramta gawayi da ɗanyen itace don kare dazuzzuka, kuma mazauna N'Djamena suka shiga wahalar girki, wasu suka koma kashin shanu da ƙwallon goruba. Masu bil-bil da masu tuwon sayarwa duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Gyaran murhu na bi ta ɗaya ɓangaren ne, yana rage buƙatar tun daga wurin manyan masu ƙonawa.

Fasalin murhun kuma bai san abin da ke cikin tukunya ba. Irinsa ne ake ginawa masu turara shinkafa, masu man kaɗanya, masu daddawa da masu dafa abincin makarantu, sai dai a daidaita ramin da girman tukunyarsu. Hanyar tantance ko magini ya yi aikin kirki ita ce wadda masu bincike ke bi: a auna nauyin itacen da aka ƙona a dahuwa uku a tsohon murhu, a rubuta tare da yawan abin da aka dafa, sannan a maimaita a sabon da itace iri ɗaya, mai bushewa iri ɗaya. Sikelin da ake auna buhun hatsi da shi a kasuwa ya isa yin wannan aiki.